Rijiyar Inna: Sharhi Kan Aikin Wani Kamfanin Haƙa Burtsatse a Kano

Tun da muka haƙa rijiyar burtsatse a ƙauyenmu da ke ƙasar Bichi domin ta zama sadaka ga mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, mutane da dama waɗanda su ma suka rasa iyayensu suke tambayata wane kamfani ne ya yi mana aikin, kuma ko zan ba su shawarar su miƙa masa kuɗinsu. Amsar ta fi ƙarfin hirar waya, shi ya sa na ga ya dace in rubuta ta dalla-dalla yanzu da rijiyar ta haura shekara guda tana aiki, ta ga damina, ta ga hunturu, ta kuma ga bazara. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin a cikin bayanina akwai yabo akwai ƙorafi, kuma ba na son ƙorafin ya zama tozarci ga mutanen da har yanzu muke cin moriyar aikinsu. Ya isa in ce kamfani ne matsakaici mai ofis a cikin birnin Kano, mai rajista da hukuma, wanda ya mallaki motar haƙa da kwamfiresa nasa na kansa. Ra'ayina a kansu shi ne, a duk abin da ya shafi ƙarƙashin ƙasa sun yi gaskiya kuma sun nuna ƙwarewa, amma a aikin da ke bisa ƙasa, da kuma kulawa bayan an gama biyansu, sun gaza gazawar da bai kamata mai niyyar sadaka mai gudana ya ɗauke ta da wasa ba.

Inna ta rasu a daminar 2023 tana dab da cika shekara 80, ta bar 'ya'ya da jikoki da 'yan tattaɓa-kunne. Duk wanda ya san gidanmu ya san babbar randar da ke kusurwar zaure, rufe da faifai, da moɗa a kife a kai, wadda Inna ba ta taɓa yarda ta kwana a bushe ba. Almajirai da Fulani masu tallan nono da manoman da ke dawowa daga gona da tsakar rana duk sun san ba sai sun roƙa ba kafin su sha. Dalilin wannan ɗabi'a ba ɓoyayye ba ne a wurinmu, domin ta sha ba mu labarin farin 1973, lokacin tana da goyo, yadda rijiyoyin gari suka ƙafe har mata suke fita da tuluna tun kafin asuba, su zauna a bakin rijiya ɗaya da ta rage suna jiran ruwa ya tsattsafo, in an jefa guga a jawo shi rabinsa laka. Wanda ya ga irin wannan ba ya iya kallon ruwa yana zuba a banza ya yi shiru. Ko a wasan da take yi da jikokinta, inda take kiran mazan maigidana, matan kuma kishiyoyina, sai ka ji ta ce da yaron da ya bar buta a karkace: "Maigida, in ka ƙara zubar mini da ruwa, yau ba tuwo a gidan nan."

Bayan kwana arba'in muka zauna a kan abin da za mu yi mata. Wasu suka kawo shawarar a yanka sa a ciyar da jama'a, wasu suka ce a sayi Alƙur'anai a rarraba a masallatai da makarantun allo, wata yayarmu kuma ta fi son a yi mata umara. Kawunmu, ƙanen Inna, wanda malami ne, ya bar kowa ya gama, sannan ya ce: "Ku 'ya'yan nan, ai uwarku ta riga ta nuna muku abin da take so tun tana raye." Ya tunatar da mu hadisin Sa'adu ɗan Ubada, shugaban ƙabilar Khazraj a Madina, wanda mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wace sadaka ce ta fi, aka ce masa ruwa, sai ya haƙa rijiya ya ce wannan ta mahaifiyar Sa'adu ce. Ya kuma ja kunnenmu cewa tunda Inna ba ta bar wasiyya ba, ba a taɓa dukiyar gado don wannan aiki sai an raba kowa ya karɓi haƙƙinsa, daga nan wanda ya ga dama ya bayar daga rabonsa ko daga aljihunsa. Haka aka yi. Jikokin, waɗanda ba su cikin magada, su ma suka kawo nasu, har da yaran da suka fasa asusunsu. Na kawo wannan ne domin mai karatu ya san irin kuɗin da muka miƙa wa kamfanin: kuɗi ne da aka tara daga hannuwa da yawa saboda ƙaunar mutum ɗaya, kuma amana ce a wuyan wanda aka wakilta ya tsaya a kan aikin.

Wanda ya shiga neman mai haƙa burtsatse a Kano zai tarar masu sana'ar iri biyu ne. Akwai masu injin da kansu, akwai kuma 'yan tsakiya da ke karɓar kwangila su je su yi hayar injin wani, waɗanda farashinsu kan fi sauƙi a baki, amma in matsala ta taso sai a rasa wanda za a kama, mai injin ya ce ba da shi aka yi magana ba, ɗan tsakiya ya ce ba shi ya haƙa ba. Kamfaninmu yana cikin kashin farko, kuma ba shi ne mafi araha a cikin waɗanda muka tuntuɓa ba. Abin da ya ja hankalinmu gare shi shi ne injiniyansu ya ba mu lissafi a rubuce, an ware kuɗin gwajin ƙasa, da kuɗin haƙa a kan kowace mita, da kuɗin bututu da tsakuwa da siminti, kowanne da layinsa. Lokacin kuwa, wato ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024, darajar naira tana ta faɗuwa, farashin siminti da dizal da kayan sola yana sauyawa kusan kowane mako, sai ya gaya mana ƙarara cewa wannan lissafi na mako biyu ne kawai, in ya wuce sai an sake shi. Sun kuma rubuta cewa in ramin farko bai ba da ruwa ba, za su sake haƙa na biyu mu biya kuɗin mai da na leburori kaɗai. Abu ɗaya da suka ƙi amincewa da shi shi ne mu riƙe wani kaso na kuɗin har sai rijiyar ta yi 'yan watanni tana aiki. Tsarinsu shi ne kafin alƙalami, sai biya na biyu in an samu ruwa, sai cikon a ranar miƙa aiki.

Inda suka fi burge ni shi ne gwajin ƙasa, kuma ya kamata in yi bayanin dalili. Mafi yawan jihar Kano tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, ba kamar wajen Haɗeja da Gumel ba, inda ake samun shimfiɗun yashi na yankin Tafkin Chadi masu riƙe ruwa da faɗi. A ƙasarmu ruwa yana taruwa ne a wuri biyu: a ruɓaɓɓen dutsen da ke saman mai taurin, da kuma tsagogin da ke cikin dutsen kansa. Shi ya sa za a haƙa a wannan gida a samu ruwa mai yawa, a haƙa a maƙwabta a tashi da busasshen rami. Mai gwajin ya zo da akwatin na'ura da batir da nannaɗaɗɗun wayoyi da turakun ƙarfe guda huɗu, ya kafa biyu a tsakiya kusa da juna, yara biyu suka riƙa matsawa da sauran biyun nesa da nesa, kowane zango a buga turke a ƙasa da guduma, a zuba masa ɗan ruwa saboda bushewar ƙasa, shi kuma ya saki wuta ya rubuta abin da na'urar ta nuna. Ya yi mana bayani cewa jiƙaƙƙen dutse mai tsaga yana barin wutar lantarki ta ratsa shi cikin sauƙi fiye da busasshen dutse dunƙulalle, kuma gwargwadon nisan turakun, gwargwadon zurfin da ake aunawa. Ya gwada wurare uku, bai yi gaggawa a ko ɗaya ba.

Sakamakon bai zo yadda muke so ba. Burin babban yayanmu shi ne a haƙa a ƙofar gidan Inna, daidai gaban zaure, kuma ba wanda zai ga laifinsa a kan haka. Injiniyan ya buɗe takardar ya nuna cewa a nan dutsen yana kusa da sama kuma ba alamar tsaga, wurin da ya fi alamar ruwa yana can gangare wajen tsohuwar kuka, a gefen gonar wani maƙwabci. Yaya ya ce: "Injiniya, ko kaɗan ne a samu a nan, ai gidanta ne." Shi kuma ya amsa cikin ladabi: "Alhaji, in ka matsa zan haƙa, kuɗina za ka biya ko da ruwa ko babu. Amma in don Hajiya ake yi, ai inda mutane za su daɗe suna sha ya fi mata." Ya ƙara da cewa ƙofar gidan tana kewaye da masan gidaje uku, alhali ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bayarwa ita ce a nisanta rijiya da masai da aƙalla mita 30. Bai kuma yi mana alkawarin ƙarya ba, domin ya faɗa cewa na'ura alama take nunawa, mai ba da ruwa Allah ne. Maƙwabcin, da ya ji don Inna ake yi, ya ba da filin kyauta, kuma injiniyan ne ya ba mu shawarar kada mu bar maganar a baki, mu je gaban dagaci a rubuta a sa hannu da shaidu, saboda magada na gaba. Wannan shawara ba ta cikin abin da muka biya, kuma tana cikin mafi amfanin abin da muka samu daga gare su.

Sun kuma nemi mu jinkirta haƙar zuwa tsakiyar bazara, lokacin da ruwan ƙasa ya fi yin ƙasa, domin rijiyar da ta ba da ruwa a watan Afrilu ba a cika fargabar ƙafewarta ba, ita kuwa wadda aka haƙa bayan damina takan ruɗi mai ita. Saboda haka sai bayan ƙaramar Sallar 2024 motocinsu suka iso. Aikin haƙar kansa na tsaya a kai daga farko har ƙarshe. Bayan kowane bututun haƙa ya nutse, wani ma'aikaci yakan ɗebi abin da iska ta fito da shi ya tara a ƙasa, tsibi bayan tsibi a jere, ta yadda mutum zai bi layin da ido ya karanta cikin ƙasar: jan marmara a farko, sai wata ƙasa mai laushi da ta yi fari-fari, sai ruɓaɓɓen dutse mai ɗan ƙyalli da ke murmushewa a tafin hannu, sai kuma farar ƙura mai laushin gari da ta turnuƙe wurin, alamar an shiga dutse mai tauri. Danshi ya fara bayyana a wajen mita 20, amma shugaban mahaƙan ya ce wannan ruwan sama-sama ne, ba a dogara da shi. Da aka haura mita 40 sai ƙarar gudumar injin haƙar ta sauya, ƙurar ta kwanta, tsakuwoyin da ke fitowa suka zama manya masu launin tsatsa, can sai ruwa ya yi tsiri sama haɗe da laka, jama'a suka ɗauki kabbara. Sun ci gaba har mita 55 kafin su tsaya.

Ƙorafin da aka fi yi a kan masu wannan sana'a shi ne ƙara wa zurfi tsawo a baki, da sa bututu marar kauri wanda ƙasa za ta matse shi bayan 'yan shekaru. A nan ba mu ga ko ɗaya ba. Shugaban mahaƙan da kansa ya kira ɗaya daga cikin jikokin Inna, ɗalibin kwalejin fasaha, ya ce ya ƙirga bututun haƙar yayin da ake zaro su, sannan aka zura igiyar awo mai nauyi a gabanmu lissafin ya yi daidai. Bututun robar da suke kira kesin mai kauri ne kamar yadda aka rubuta, an sa masu tsaga-tsagan a daidai inda ruwa yake, an zuba tankaɗaɗɗiyar tsakuwar kogi a kewayensu, an kuma toshe saman ramin da siminti domin kada ruwan datti ya gangara ta gefen bututu. Sun hura iska suna wanke rijiyar har sai da ruwan ya fito garau. Ma'aikatan suna da ladabi, suna tsayar da injin a lokacin salla, kuma ba wanda ya roƙe mu na goro. Abin da ban ji daɗinsa ba a wannan mataki shi ne sakaci da lafiya: ba mai hular kwano a cikinsu, ba mai abin toshe kunne duk da ƙarar kwamfiresa da ake ji daga ƙarshen gari, ba su kewaye wurin da ko igiya ba alhali yara sun yi cincirindo, kuma da suka tashi sun bar baƙin mai da taɓo kwance a gonar mutumin da ya ba da filinsa kyauta, sai mu muka kwashe.

Daga nan ne aikin ya fara sassautawa. Gwajin ƙarfin ruwa, wato a sa famfo ya yi ta ja ana auna yadda ruwan ke sauka da yadda yake dawowa, sun so su taƙaita shi a awa ɗaya ko biyu, sai da muka nace aka yi shi wuni guda, kuma aka caje mu kuɗin mai na daban wanda ba ya cikin lissafin farko. Gwajin tsabtar ruwa kuwa ba su ma ambace shi ba. Da na tambaya, wani daga cikinsu ya ce ruwan dutse ne, ga shi garau, me za a gwada. Ido ba ya ganin ƙwayar cuta, kuma Nijeriya tana da ma'aunin ingancin ruwan sha da hukumar kula da ingancin kayayyaki, wato SON, ta fitar tun 2007, wanda a cikinsa ba a yarda a samu ƙwayar cutar da ke nuna gurɓata da bayan gida ba ko ɗaya, sinadarin naitiret kuma kada ya wuce miligiram 50 a lita. Muka ɗebi ruwan a kwalbar da ɗakin gwaji ya ba mu, muka kai da kanmu, sakamakon ya fito lafiya lau, alhamdu lillahi. Sai dai a ganina kamfanin da ya san ruwan nan jarirai da tsofaffi za su sha bai kamata ya jira abokin ciniki ya tuna masa ba.

A kan zaɓen famfo, injiniyan ya sake ba da shawara mai kyau. Tuƙa-tuƙa ya fi araha kuma ana iya gyara shi a ƙauye, amma yana wahalar da tsofaffi da masu juna biyu, waɗanda su ne Inna za ta fara tunawa da su. Samo mai aiki da janareta kuwa, wato famfon lantarki da ake zurawa cikin rijiya, tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ya zama nauyin da ƙauye ba zai iya ɗauka kullum ba, wutar gwamnati kuma ba abar dogaro ba ce a wurinmu. Muka tsaya a kan sola marar batir, wanda ke tura ruwa da rana zuwa tanki mai cin lita 5,000, wato kimanin jarka 200 mai lita 25. Ya hana mu sayen babban famfo, ya ce wanda ya fi ƙarfin rijiya zai riƙa zuƙe ta yana jan iska har ya ƙone, ya zaɓi daidai da abin da gwaji ya nuna, ya kuma sa na'urar da ke kashe shi in ruwa ya yi ƙasa. Famfon har yau lafiyarsa ƙalau.

Matsalar tana ga sauran kayan. Ba tare da sun sanar da mu ba, sun ba wa wani mai walda da wani birkila aikin hasumiyar tanki da dandamalin ɗiban ruwa, kuma ba wanda ya tsaya a kansu daga kamfanin. Ƙarfen hasumiyar siriri ne, in tanki ya cika iska ta kaɗa sai ka ga tana rangaji, sai da muka ƙara mata ƙarafa a gicciye kafin hankalinmu ya kwanta. Kawunan famfon na araha ne, kafin damina ta ƙare rabinsu sun lalace suna ɗiga dare da rana. Dandamalin ya tsage saboda ƙarancin siminti, ba a kuma yi masa magudana ko ramin tsotse ruwa ba, sai ga kududdufi ya kwanta a gefen rijiyar, dabbobi suna tattakawa, sauro yana hayayyafa. Allunan solar an ɗaura su a ƙasa-ƙasa da ƙusoshin da kowane mai sifana zai iya kwancewa cikin dare.

A hunturun farko ruwa ya tsaya cak. Na kira ofishinsu aka ce gobe, goben ta wuce aka ce motar tana Jigawa, daga baya wayar ma aka daina ɗauka, garantin wata shida da aka yi mana kuwa ashe a baki ne kawai, babu shi a takarda. Makonni suka shuɗe, mata suka koma tsohuwar rijiyar da ke ba da ruwa mai laka, yara suka koma sammakon ɗiban ruwa kafin makaranta. Ba zan ɓoye ba, wannan lokaci ya yi mini ciwo fiye da asarar kuɗi, domin duk ranar da aka ce mini famfon a bushe yake, sai in ji kamar randar Inna ce ta kwana babu ruwa. Ladan irin wannan sadaka yana tafiya ne da amfanin da mutane ke samu, kuma mamaci ba shi da halin tashi ya bi sawun wanda ya yi masa sakaci. Daga ƙarshe wani mai gyaran sola daga Bichi ne ya gano cewa an haɗa wayar da ke tsakanin allunan da na'urar sarrafa wuta da salatif kawai, a fili, rana da raɓa suka cinye ta har ta ƙone, ga kuma ƙurar hunturu da ta lulluɓe allunan, domin ba wanda ya gaya wa mutanen gari cewa ana wanke su. Gyaran bai ɗauki rabin wuni ba. Da na samu injiniyan ido da ido ya ba da haƙuri, ya mayar mana da kuɗin gyaran, ya kuma faɗi gaskiya cewa ba su da ko mutum ɗaya da aka ware don duba ayyukan da aka gama, kowa yana bin mota zuwa sabon aiki. Na yaba da gaskiyarsa, amma ba ta goge makonnin da mutane suka yi suna shan laka ba.

Akwai kuma maganar allon sanarwa, wadda wasu za su ga ƙarama ce. Kamfanin ya kawo allo kyauta, an rubuta sunan Inna da namu a sama da ƙananan baƙaƙe, sunan kamfanin da lambobin wayarsa kuma a ƙasa da manya. Kawu ya duba ya ce a mayar musu. Ra'ayinsa, wanda duka muka bi, shi ne sadaka ba ta buƙatar jerin sunayen masu bayarwa, kuma rijiyar mamaci ba wurin talla ba ce. Abin da aka rubuta a jikin dandamalin layi biyu ne: cewa ruwan sadaka ne, da roƙon wanda ya sha ya yi wa mai shi addu'a. Mutanen gari ba su buƙaci allo ba kafin su sa mata suna, domin tun makon farko kowa rijiyar Inna yake cewa, har Fulanin da ke biyowa da shanu. Allah ya kai ladan kabarinta, ya haskaka makwancinta, ya jiƙan iyayenmu baki ɗaya.

Tsarin kula da rijiyar mu da mutanen gari muka zauna muka yi shi, kamfanin bai ba da ko shawara ɗaya a kai ba, kuma wannan ma gibi ne a aikinsu. An kafa kwamiti na mutum uku, liman da wata dattijuwa da wani matashi mai riƙe mabuɗi. Ruwan sha da na girki da na alwala kyauta ne ga kowa, amma 'yan ga-ruwa da masu buga bulo suna ba da ɗan abin da ake tarawa don sayen kan famfo da ƙananan gyare-gyare, mu kuma 'ya'ya muna zuba wani abu a asusun rijiyar kowace Salla saboda babban gyara in ya taso. Jikokin da ke zaune a gari sun raba wa kansu wanke allunan sola, an ɗaga allunan sama an yi musu walda, an gina magudana da ke kai rarar ruwa zuwa kwamin shan dabbobi. Takwarar Inna, wadda muke kira Ummi, ta shuka zogale da rama a inda ruwan ke ƙarewa, kuma takan tsinka ta kai wa tsofaffin matan da suka yi zamani da kakarta.

Kwanan baya wani surukina da mahaifiyarsa ta rasu ya nemi lambar kamfanin, na ba shi, amma na gaya masa ya ba su gwajin ƙasa da haƙa da sa bututu da zaɓen famfo kawai, hasumiya da dandamali da haɗa wuta kuwa ya nemi masu yi da kansa ya tsaya a kansu. Na ce ya tabbata an rubuta gwajin ƙarfin ruwa da na tsabtarsa a cikin lissafi tun farko, garanti ya zama a takarda da sunan wanda za a kira, kuma ya sake gwada neman riƙe wani kaso na kuɗin har rijiyar ta ga hunturu, ko da za a ɗan ƙara masa farashi a kan haka. Na kuma ce kada ya biya cikon kuɗi sai an miƙa masa takardar bayanin rijiya, wadda ke nuna zurfinta, da irin ƙasar da aka ratsa, da inda aka sa bututu masu tsaga, da zurfin da aka rataye famfo, domin duk mai gyaran da zai zo bayan shekara goma da ita zai yi aiki. Tamu takardar an yi mana alkawarinta tun ranar miƙa aiki, har yanzu ba ta iso ba, sai ɗan littafin da jikan Inna ya rubuta awon a ciki ranar haƙa, wanda muka yi wa kwafi muka ajiye ɗaya a wurin liman, ɗaya a wurin Yaya.